Hoton Ƙashin da Baba Ya Rataye a Zaure

A gidanmu kusan kowace kaza ɗingishi take yi. Baƙo in ya shigo tsakar gida yakan tsaya yana kallo, ya tambaya ko wata annoba ce ta faɗa musu. Ba annoba ba ce, sana'ar gidan ce. Mahaifinmu maɗori ne, ubansa maɗori, kakansa ma haka, a wani ƙauye tsakanin Tudun Wada da Doguwa, ba nisa da bakin titi. A al'adar ɗorin gidanmu, duk wanda aka kawo da karaya, bayan Baba ya ja ƙashin ya daidaita shi, ya yi tofi, ya shafa man kaɗe, ya ɗaure da saƙaƙƙen kara, sai a kamo kaza ya karya mata ƙafa, ita ma ya ɗora ta da 'yan tsinkaye. Ranar da kazar ta dafa ƙasa da ƙafar nan, ranar mai karaya zai gwada takawa. In kaza ta taka mutum bai taka ba, to laifin mutum ne. Ko ya ci abin da aka hana shi, ko ya motsa ɗorin, ko kuwa raki ne kawai.

Titin nan bai taɓa barin Baba ya zauna haka ba. Motocin haya da ke fitowa daga dajin Falgore a guje, 'yan achaɓa masu gudu kamar an biyo su, makiyayin da sa ya take, manomin da ya faɗo daga kan bishiyar ɗorawa, duk zaurenmu suke ƙarewa. Ba zan ci amanar gaskiya ba, Baba ya iya aikinsa. Na ga mutanen da aka shigo da su a kan ƙyauren ƙofa, suka fita da ƙafafunsu suna sa masa albarka.

Da yawansu sai sun fara zuwa asibiti an ɗauki hoton ƙashin. Da sun ji an ambaci tiyata ko sa ƙarfe, sai su sulale su taho wurinmu da hoton a cikin ƙaton ambulan. Baba ba ya mayar wa kowa hotonsa. Yakan tsaya a bakin zaure ya ɗaga shi saitin rana, ya ƙanƙance ido, ya daɗe yana dubawa. Da haka ya koya wa kansa karatun hoto ba tare da malami ba. Ya lura ƙashin tsofaffin mata, irin waɗanda santsin bakin rijiya ke karyawa, dishi-dishi yake fitowa kamar hayaƙi. Na 'yan dako da samarin noma kuwa ya fi fari. Sai ya yanke hukuncinsa: fari ƙarfi ne, duhu rauni ne. A kan yawancin mutane kuma bai yi kuskure ba.

Tofin ɗorin sirri ne, ba ya fita daga gida, don haka mu ma ba ma fita. Inna 'yar ƙanin mahaifin Baba ce. Iyayensu ma haka aka haɗa su, tuwona maina, tun zamanin da ba wanda ya tuna. Namiji ake ba sirrin. Mu mata muka riga zuwa, ni ce ta ƙarshe a cikinmu, sannan Allah ya kawo namiji guda, daga shi kuma Inna ba ta sake haihuwa ba. An ce ranar sunansa Baba ya ɗaga shi sama a gaban jama'a ya ce ga magajinsa.

Ƙanena ya taso ɗan ƙarami. Sa'o'insa suka wuce shi, ƙannen sa'o'insa ma suka wuce shi. Yana da faɗin goshi da 'yar ƙaramar haɓa, haƙoransa sun hau juna, yatsunsa gajeru masu dunƙulen kai, farcensa a lanƙwashe. Maɗigarsa ba ta taɓa rufewa ba. Har ya yi wayo, in na ɗora hannu a tsakiyar kansa ina jin wurin da laushi yana ɗan motsi. Inna ba ta barinsa fita ba hula. Ga shi da baki. In ya kwaikwayi yadda Baba ke gyaran murya kafin tofi, sai mun toshe bakinmu da mayafi don kada a ji dariyarmu daga zaure.

Karayarsa ta farko daga kan dakalin ƙofar gida ya diro, dakalin da ɗan akuya ke haurewa. Ta biyu wani yaro ne ya ja hannunsa a wasan langa. Daga nan na daina lissafi. Kowane karo Baba ya ɗora shi da hannunsa, ya karya masa kazarsa. Kowane karo kazar ta warke ta koma tonon juji, shi kuwa yana kwance a ɗakin Inna, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Yara suka sa masa ɗan ƙwai. Manya ba sa faɗa a gaban Baba, amma a majalisa da bakin kasuwa ana cewa mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Magana kuwa ba ta rasa mai kawo ta gida. Ranar da Baba ya jiyo irin wannan, ba ya cin tuwo, sai ya tsaya a ƙofar ɗaki yana kallon yaron kamar wanda ya ɗauko masa abin kunya daga waje.

Ina makarantar sakandare lokacin da sangalin ƙafarsa ya sake tsagewa, ɗorin ya daɗe ya ƙi kamawa. Ana nan aka zo aka ɗauki Baba zuwa wani ƙauye bayan Doguwa, inda motar 'yan biki ta kife, aka ce zai kwana biyu can. Kawu, ƙanin Inna, direban bas ne a hanyar Kano. Ya shigo gaisuwa ya ga yaron, ya ce da Inna, “Yaya, ki ba ni shi in kai shi a duba. Kafin maigidan ya dawo mun dawo.” Inna ba za ta fita ba da izini ba, sai ta ce in bi su in riƙe masa ƙafar a mota.

A babban asibitin birni aka shiga da shi wani ɗaki aka ɗauki hoto. Ba na ƙafar kaɗai ba. Da likitan ya ga na farko sai ya sa aka koma aka ɗauko na kai, da na hannu, da na ƙugu zuwa cinya. Dattijo ne mai furfura a gemu, Hausarsa irin tamu. Ya jera hotunan a jikin wani gilashi mai fitila a bango, ya kira wasu matasan likitoci su ma suka zo suna kallo. Ni na saba ganin hoton ƙashi a hannun Baba, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Fari fat, tun daga sama har ƙasa, kamar an shafe shi da farar ƙasa.

Likitan ya ɗauko hoton wani mutum ya liƙa a gefe. Ya nuna mana da bayan biro, ya ce, “Kun ga wannan? Gefe da gefe fari, tsakiya da ɗan duhu. Nan ne hanyar ɓargo. Ƙashin mai lafiya kamar gora yake, da rami a ciki, yana ɗan ba da kai kafin ya karye. To ku dubi na yaronku. Ramin ya kusa toshewa. Jiki kullum yana rushe tsohon ƙashi yana gina sabo. Nasa yana ginawa, amma rushewar ba ta tafiya daidai, sai tsohon ya yi ta taruwa. Ya cika, ya yi tauri, amma taurin alli ne.” Ya ɗauki guntun alli a kan teburinsa ya ɓalla shi da yatsa biyu.

Ya nuna mana layukan tsofaffin karaya, duk a miƙe suke a gicciye, kamar an yanka da wuƙa. Ya nuna hoton kai, inda ƙasusuwan ƙoƙon ba su haɗu ba, ga maɗiga a buɗe baƙi ƙirin. Ya nuna muƙamuƙin da ya tafi a miƙe ba kwana, da kan yatsun da ƙashinsu ya ƙare tun kafin ya isa farce. Ya faɗi sunan ciwon, na Turanci ne mai tsawo, bai zauna a kaina ba a ranar. Sannan ya tambayi Kawu ko iyayen yaron 'yan'uwa ne. Kawu ya ce ɗan wa da 'yar ƙani ne.

“To daga nan ne,” in ji likitan. “Uba na ɗauke da rabi, uwa na ɗauke da rabi, su ba ya nuna musu, sai a jikin ɗan da rabin biyu suka haɗu. Ba laifin kowa ba ne. Ba a warkar da shi, amma ana rayuwa da shi har tsufa in an kiyaye. Kada ya ɗauki kaya mai nauyi, ban da kokawa, ban da tsalle. Ko haƙori kada a cire masa a gida. In ya karye ku kawo shi nan, kada a ja masa ƙashi da ƙarfi. Kuma nasa yakan jima bai kama ba, ku yi haƙuri da shi.”

A hanyar dawowa ƙanena yana kwance a kujerar baya, kansa a cinyata. Mun wuce Bebeji ya ce, “Yaya, ashe ba raki nake yi ba.” Na ce ba raki ba ne. Ya yi murmushi, barci ya ɗauke shi. Ni ma murna nake yi, don na ɗauka gaskiya muka ɗauko a cikin ambulan, kuma da Baba ya gan ta shi ke nan.

Baba ya riga mu dawowa. Mun same shi a bakin zaure, rana ba ta faɗi ba. Bai amsa gaisuwar Kawu ba. Ya miƙa hannu, na durƙusa na ba shi ambulan ɗin. Ya zaro hoton cinyar ya ɗaga saitin rana. Ya daɗe. Ya shiga ciki ya ɗebo hotunan mutane, ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a gefen na ɗansa. Ina kallon fuskarsa tana sakewa. Rabon da in ga haƙoran Baba a kan maganar yaron nan har na manta.

“Allahu akbar,” ya ce. “Tunda nake ban taɓa ganin ƙashi irin wannan ba. Ko na ɗan dakon nan na Kiru bai kai rabinsa fari ba. Wannan ai ƙashin gidan ɗori ne. Ashe ƙarfe Allah ya ba ni, uwarsa ta mayar min da shi auduga.”

Kawu ya fara bayani, yana in'ina, ya kawo maganar alli. Baba ya ce direba ya tsaya a kan sitiyarinsa. Ni kuwa da rawar kan 'yar makaranta na ce, “Baba, likitan ya ce farin nan shi ne ciwon. Ya ce gado ne, rabi daga wajenka, rabi daga wajen Inna, saboda ku 'yan'uwa ne.”

Marin da ya yi min, sai da na ji gishirin jini a bakina.

“Jinin da ya ɗora ƙasusuwan ƙasar nan tun kafin a haifi kakan likitanki, shi ne ruɓaɓɓe? Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Hoto nawa na gani? Fari ƙarfi ne, ko a gaban wa.” Ya juya wajen Kawu ya ce kada ya sake taka masa gida. Sauran hotunan, na kai da na hannu, ya tura su cikin murhu, ya ce waɗannan ba su da amfani. Na cinyar ya ajiye.

Tun daga ranar ya samu amsar da ta yi masa daɗi. Yaro lafiyarsa ƙalau. Abin da ke karya shi shagwaɓa ce da tsoro, da jikin da ba a ba aiki ba, da bakin mahassada. Ya cire shi daga ɗakin Inna ya mayar da shi zaure. Da ƙafar ta kama, ya haɗa shi da jarkar ruwa, da dami, da buhun masara rabi. Inna ta ce, “Malam, ka duba girman Allah.” Ya ce gadon gida alala ga raggo, kuma shi ba zai haifi raggo ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ƙanena ya ji daɗin wannan zamani. Baba na kiransa “magaji” a gaban mutane. Yana zaunar da shi kusa da shi a tabarma, yana tura masa tsokar nama. In baƙo ya zo a zaro hoton a nuna masa, a ce ga ƙashin wannan ɗan ƙaramin da kake rainawa. Yaron da aka saba kallo kamar asara, yau shi ake alfahari da shi. Wata rana na same shi a bayan rumbu ya dafe haƙarƙari, numfashi na yi masa wuya. Na ce zan gaya wa Inna. Ya riƙe min zani ya ce, “Don Allah Yaya kada ki faɗa. In ya ji zai ce na koma raki.” Na tuna masa maganar likita. Ya ce, “Na sani. Amma kin ga yadda yake min magana yanzu?”

Ina kwalejin horon malamai, na zo hutu, aka kawo wani makiyayi daga wajen Falgore da hantsi. Ƙato ne, sa ya take masa cinya. Ɗorin cinya sai da maza, masu danne kafaɗa, da mai ja daga ƙasa, da mai danne lafiyayyar ƙafar don kada mai ciwo ya yi shuri. A gidanmu wannan na ƙarshe aikin magaji ne. Nan Baba ya fara a gaban ubansa, daga nan ake matsawa zuwa ja, daga ja zuwa tofi. Na kawo ruwan zafi da kwanon man kaɗe, na tsaya a ƙofar cikin gida. Zauren cike yake da dangin makiyayin da 'yan kallo.

Wani ƙaton maƙwabcinmu ya durƙusa zai danne ƙafar kamar yadda ya saba. Baba ya ce, “Matsa. Yau magaji zai riƙe.” Mutumin ya dubi ƙanena, ya dubi ƙafar makiyayin da ta kusa kaurin jikin yaron gaba ɗaya, ya ce, “Malam, da dai an bari ya ƙara ƙwari.” Baba ya ce shi ya ga cikin ƙashin ɗansa da idonsa, akwai wanda ya ga nasa a nan? Aka yi dariya. Ƙanena ya gyara hularsa ya zo ya durƙusa, ya rungume ƙafar da 'yan hannuwansa, ya ɗora mata cinyarsa. Ya ɗago ya kalle ni sau ɗaya. Tsoro ne fal a idonsa, amma bai saki ba.

Baba ya yi bisimilla, aka ja. Makiyayin ya kurma ihu ya yi shuri. Na ji ƙas, irin ƙarar busasshen kara, na ga ƙanena can jikin bango, cinyarsa ta lanƙwashe a inda ba gaɓa. Hularsa ta faɗi. Ihunsa siriri ne, ya ratsa na makiyayin. Kwanon ya suɓuce daga hannuna.

Baba bai ko waiwaya sosai ba. Ya ce, “Kai, yi mana shiru, kana firgita min baƙo.” Ya yi wa maƙwabcin nan alama ya koma wurinsa. Na yi kan ƙanena, Baba ya daka min tsawa in ɗebo wani man. Ya gama ɗorin makiyayin a tsanake, ya yi tofinsa, ya saƙa kara, ya karya kaza, ya wanke hannu, ya amsa godiya, ya raka dangin mutumin ƙofa. Ya yi sallar azahar. Duk wannan lokaci ɗansa na kwance a jikin bango ya cusa gefen rigarsa a baki don kada a ji shi. Sannan Baba ya zo ya tsaya a kansa ya ce, “Ƙafa ɗaya aka ce ka riƙe. Ƙafa ɗaya.”

Ya ɗora shi, aka ja masa cinyar da ƙarfin maza kamar yadda ake ja wa kowa. Aka karya kaza ta biyu. Inna ta aika a kira Kawu da motarsa. Baba ya ce in yaron nan ya ƙetare ƙofar gidan zuwa asibiti, to a bakin aurenta, shi kuma yaron kada ya sake kiransa uba. Ƙanena da kansa ya ce a gaya wa Kawu ya koma.

Kajin biyu suka taka. Makiyayin ya dogara sandarsa ya koma rugarsu, har ya aiko da ƙwaryar man shanu. Ƙanena ko zama bai iya yi sosai ba. Wata safiya Baba ya kamo kazar yaron ya saka ta a tsakiyar zaure, ta yi 'yar tafiyarta tana tsattsagar ƙasa. Ya ce, “Ka gan ta? Hoto ya ce fari, kaza ta taka. Kai waye da za ka ƙaryata su?” Ya sa hannu a hammatarsa ya ɗaga shi tsaye. Yaron na cewa, “Baba bai kama ba, wallahi bai kama ba.” Baba ya sake shi.

Ƙashin ya goce, ya hau kan ɗan'uwansa, ya kama a karkace. Da Baba ya ga ƙafar ta gajarce ta juya waje, ya ce wannan ba aikin hannunsa ba ne, yaron ne ya motsa, sai an sake. Sakewa a wajen maɗora tana nufin a karya abin da ya kama a ɗora sabo. Na riga na koma makaranta, Inna ce ta ba ni labari, ba ta ko iya kallona. Ta ce da aka taka cinyar aka ja, ba ita kaɗai ta ba da ba, har sangalin ƙasa ya tafi. Ta ce tana tsakar gida ta ji ƙarar sau biyu, ta faɗi a bakin murhu. Daga wannan ƙanena bai sake tsayawa a kan ƙafafunsa ba. Da 'yar kujerar tsuguno yake jan jiki, ya dafa ƙasa ya matsar da ita, ya sake dafawa.

Na ɗauka yanzu kam Baba zai yarda. Ban san shi ba ashe. Bai taɓa cewa karatun hotonsa ne ya ɓace ba. Cewa ya yi Allah ya ba yaron ƙashin zaki ya haɗa shi da zuciyar kaza. Ya daina kiransa magaji, ya daina kiransa komai. Ya ɗauko ɗan ƙaninsa ya ba shi sirrin tofin. Ƙanena kuma aka ba shi lungun zaure, da tarin kara da zare da wuƙa, yana fere karan ɗori yana saƙawa. Da gajerun yatsun nan nasa yake yi, kuma ba a taɓa samun mai saƙa shi da kyau kamarsa ba.

Hoton kuwa Baba ya buga masa ƙusa a jikin 'yar tagar zaure, inda hasken safe ke ratsa shi. Duk wanda aka kwantar a tabarma shi yake fara gani, doguwar cinya fara fat ba tabo. Ya zama abin tallar gidan. Wata rana, bayan na yi aure na fara koyarwa a Kiru, na zo gaida Inna, na tsaya a zaure ina gaida Baba. Wani ɗan achaɓa da aka ɗora wa hannu yana kwance yana kallon tagar.

“Malam, wannan ƙashin wane ne haka kamar ƙarfen rodi?”

“Na ɗana ne,” in ji Baba.

“Ma sha Allah. Gado ba ƙarya ba. Yana ina?”

“Yana birni, yana aiki.”

Ƙanena na zaune a lungunsa, tsakaninsa da Baba bai fi a miƙa hannu ba. Wuƙarsa ta ɗan tsaya a jikin karan, sannan ta ci gaba. Ɗan achaɓan ya juya ya ce masa, “Kai kuma bawan Allah, kai ma jinya ka zo?” Ya ce, “E, na ɗan jima.”

Na tsani mahaifina a ranar. Na san nauyin wannan magana, na san abin da malamai suka ce a kan iyaye, kuma na faɗe ta. Daga baya na gane ba ranar ce ta farko da ya ba da wannan amsa ba, ta riga ta zauna masa a baki. Na roƙi ƙanena ya dawo gidana da zama, maigidana ya yarda, Kawu ya samo masa keken guragu. Ya ƙi. Ya ce wa zai saƙa wa Baba kara, ɗan baffan nan hannunsa kamar na mai faskare.

Baba ya rasu da damina, bayan Inna da 'yan shekaru. Mutane suka zo daga Doguwa, daga Tudun Wada, daga rugagen daji, wasu na nuna hannu, wasu na buga ƙafa a ƙasa, kowa na cewa shi ya ɗora min. Aka ce duk wanda mamaci ya yi wa laifi ya yafe. Bakina ya faɗa tare da na kowa.

Da aka share makoki, zaure ya yi shiru, na shiga da safe na tsaya a gaban tagar. Hoton ya tsufa, gefensa ya nannaɗe, ƙudaje sun ɓata shi, amma ƙashin na nan da farinsa. Na sa hannu na fizge shi daga ƙusar. Wuta na ci a murhu, can na nufa da shi.

“Yaya, ina za ki kai shi?”

Ƙanena ne daga lungunsa. Furfura ta fara fito masa a gefen hula.

“Inda 'yan'uwansa suka tafi,” na ce. “Wannan abin ne ya cinye maka ƙafafu.”

“Ba shi ba ne. Shi gaskiya ya faɗa, ke ma kina wurin.” Ya dafa ƙasa ya jawo kujerarsa, ya sake dafawa, har ya iso gabana. Ya miƙo hannu. “Ba ni. A duk jikina shi kaɗai Baba ya taɓa so.”

Na ba shi. Ya goge shi da hannun rigarsa a hankali, ya ɗaga kai ya dubi ƙusar. Ta yi masa nisa. Ni na karɓa na mayar masa da shi.